Idon Marlys da Sabuwar Na'ura

Shekara talatin da ɗaya Marlys Odegaard ta yi tana auna tsamin madara a ɗakin gwajin kamfaninmu na cuku, a wani ɗan gari da ke arewacin jihar Wisconsin. Ni kuwa, Krista Pruchnik, na yi tara a gefenta. Ita ta koya mini aikin tun ina sabuwar zuwa.

Aikin ba shi da wuyar faɗi. Ka zuba madara ko ruwan cuku a farin kofi, ka ɗiga masa maganin launi, sannan ka buɗe ɗan famfon doguwar kwalbar awo, ruwan soda ya riƙa sauka ɗigo-ɗigo kana juyawa. Da farin ya fara komawa ruwan hoda sai ka rufe, ka karanta inda ruwan ya tsaya a jikin kwalbar. Da wannan lamba masu dafa cuku ke sanin lokacin tsiyaye ruwa da lokacin zuba gishiri. Wuyar duk tana wurin launin, don ba ja sosai ake jira ba, ɗan alama ne kawai da zai tsaya rabin minti bai ɓace ba. Ɗigo biyu suka wuce, lambarka ta zama ƙarya.

A wannan fanni babu kamar Marlys. Masu dafa cuku ba sa tambayar abin da ɗakin gwaji ya ce, sai dai su ce, "Me Inna Marlys ta ce?"

Wata safiya cikin sanyi, muna mu biyu, ta turo mini kofinta.

"'Yar nan, duba mini launin. Ya juya?"

Na duba. Ya juya har ya ɗan wuce.

Ta ajiye cokalin juyawa, ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Sannan ta gaya mini cewa yanar ido ce ta fara rufe mata gani, komai ya koma mata kamar an wanke shi da shayi. Likita ya ce za a yi mata aiki, amma layi ya yi tsawo, sai bazara.

"Wata huɗu ne kawai," ta ce. "In na yi shakka zan turo miki. Kada ki gaya wa kowa, kin ji?"

Na ce mata ko mijinta Arlo ba zai ji daga bakina ba. Ta yi dariya ta ce shi ai ya sani, tun ranar da ta ba shi safa ɗaya shuɗiya ɗaya baƙa ya tafi coci da su.

Haka muka yi wata guda babu wanda ya gane. Sai aka kawo mana sabon shugaban ɗakin gwaji, Corbin Tessmer. Matashi ne mai tsabtar takalmi, ya taso daga wani babban kamfani a birnin Madison, kuma bai cika sati biyu ba ya tara mu ya ce zamanin kallon kofi ya wuce. An sayo na'ura. Ita za ta riƙa ɗiga ruwan sodar da kanta, tana da wata siririyar sandar gilashi da ke nutsewa cikin madarar ta ji tsamin, ba ruwanta da launi. Abin da ya rage shi ne a mayar da hanyarmu ta hannu ta zama umarnin da na'urar za ta bi, sannan a yi sati shida ana gwada kowane samfur sau biyu, sau ɗaya da hannu, sau ɗaya da na'ura, a ga ko lambobin sun yi daidai.

"Marlys ce za ta rubuta mana hanyar," ya ce. "Duk abin da ke cikin kanki, Madam, muna so a takarda."

Lyle Vandenberg, babban mai dafa cuku, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya leƙo daga ƙofa ya ce, "Inna, ki rage kaɗan a kan, kada su kwashe duka su bar miki ƙoƙon!"

Kowa ya yi dariya, har ita.

Na zaci za ta yi fushi da na'urar, amma ba ta yi ba. Ta zauna da littafinta ta karanta shi kaf, ta kira mutanen da suka sayar da ita ta ishe su da tambaya. Ta gano gudun da ya kamata ɗigon ya riƙa sauka, da yadda za a rage shi in an kusa ƙarshe. Shafi goma sha huɗu ta rubuta da hannunta, da manyan baƙaƙe saboda idon. A shafi na tara ta ja layi biyu ƙarƙashin wata magana: maiƙon madara yana toshe bakin sandar, dole a jiƙa ta cikin ruwan wanki na musamman kowace Juma'a, in ba haka ba za ta yi nauyin ji, ta riƙa ba da lamba sama da gaskiya.

A sati na biyu ne maganar ta fara yawo a ɗakin cin abinci, cewa in na'ura ta kama aiki mutum ɗaya ya isa ɗakin gwaji. Ban tambayi kowa ba, na dai yi lissafina ni kaɗai. Ita shekara talatin da ɗaya, ni tara. Ita ta rubuta hanyar, ni ina wanke kofuna. Ina da yara biyu, ubansu ya koma garin Duluth da wata mata, kuma ƙaramar tana da asma, inshorar lafiyarta ta wurin aikina take fitowa. Ba na faɗin wannan don a ce na yi daidai. Abin da ke kaina ke nan a lokacin.

Ranar Talata ta turo mini kofi kamar kullum.

"Ya juya?"

Ya juya. Na kalle shi na ce, "Tukuna."

Ta ƙara ɗigo. Ta sake kallona.

"Saura kaɗan," na ce.

Ta ƙara biyu, ta rufe famfon, ta rubuta lambarta, ta ce na gode 'yar nan. Na'ura ta fitar da tata, ƙasa da ta Marlys sosai. Na yi haka sau huɗu a wannan sati, sau shida a na gaba. Corbin yana zuba lambobin a kwamfuta, layin hannu yana ta hawa sama da layin na'ura, kuma duk inda tazarar ta yi yawa sunan Marlys ne a gefe.

Ya kira ni ofis ya rufe ƙofa.

"Krista, ke kike zama kusa da ita. Me ke faruwa?"

Na ɗan ja ƙafa, irin jan ƙafar da ake yi don a ce an tilasta ka. Sannan na gaya masa maganar idon.

Ya jingina da kujera ya ce, "To. Na gode."

Na ɗauka zai kira ta shi da ita su yi magana. Abin da ya yi daban ne. Washegari da hantsi ya gayyato manajan kamfani da Lyle da wasu masu dafa cuku uku, wai za a nuna musu dalilin da ya sa aka kashe kuɗi a kan na'ura. Ya jera fararen kofuna goma a kan teburi, kowanne da madara a ciki. Shi da kansa ya haɗa su tun da safe, wasu sun juya, wasu ba su juya ba.

"Madam Odegaard," ya ce, "ke ce mafi ƙwarewa a cikinmu. Ware mana waɗanda suka kai."

Marlys ta dubi kofunan, ta dube shi, sannan ta waiwayo ta dube ni. Ni kuwa na sunkuya ina gyara takarda a bakin na'ura.

Ta matsa kusa da teburin. Ta ɗauki kofi na farko ta kai shi wurin taga, ta karkata shi, ta dawo da shi. Ta daɗe a kan kowanne. Daga ƙarshe ta ware uku.

"Uku?" in ji Corbin. "Kin tabbata? Babu gaggawa."

"Uku na gani."

"Bakwai ne." Ya riƙa ɗaga sauran huɗun ɗaya bayan ɗaya yana nuna wa mutane. "Lyle, wane launi ne wannan?"

Lyle ya sosa ƙeya. "Ranka ya daɗe, ko karena zai ce maka ruwan hoda ne."

Wani ya tuntsire da dariya, sauran suka biyo shi. Lyle da ya ga abin ya karɓu sai ya ƙara da cewa, "Ashe Inna da addu'a kike auna mana madara! Shi ya sa cukun bara ya ƙi ci ya ƙi cinyewa."

Cukun bara babu abin da ya same shi, har kyauta ya ci a bikin gundumarmu, Lyle ne ma ya je ya karɓo ta. Amma babu wanda ya tuna masa.

Wuyan Marlys ya yi ja har cikin kunne. Ta kwashe kofunan goma ta kai wurin famfo ta fara wanke su, mutanen na nan tsaye.

Daga ranar aka hana ta taɓa kwalbar awo. Aka ce ni zan riƙa kula da na'ura, ita kuma ta riƙa ɗebo samfur daga tukwane, ta wanke kofuna, ta ɗauraye sandar. Ba a rage mata albashi ba, Corbin ya maimaita wannan sau da yawa a gaban mutane, kamar wata sadaka ya yi. Shafukanta goma sha huɗu kuwa ya mayar da su shafi ɗaya, aka lulluɓe shi da leda aka manna a bango. Maganar jiƙa sanda ba ta ciki. An rubuta kawai: a ɗauraye da ruwa bayan kowane gwaji.

Ta karanta takardar da hancinta kusan a jikin bango, ta juyo.

"Ina maganar ranar Juma'a?"

"Masu na'urar sun ce ba dole ba ne," in ji Corbin, bai ko ɗago daga wayarsa ba.

"Masu na'urar ruwan lemo suke gwadawa da ita. Wannan madara ce, tana da maiƙo."

"Madam, ki ɗauraye kawai. Sauran ki bar wa masu gani."

Ni ce ke rubuta kayan da za a sayo wa ɗakin gwaji. Sau uku tana zuwa wurina ta ce, "'Yar nan, sa mana ruwan wankin sandar nan a takarda." Har lokacin 'yar nan take ce mini, kuma har lokacin tana kawo mini biskit ɗin da take gasawa ranar Lahadi don yara. Sau biyu na sa, Corbin ya soke. Na ukun ban ma rubuta ba.

Masu dafa cuku suka sa mata sabon suna, Makauniya. In ta shigo ɗebo samfur sai wani ya ce, "A ba Makauniya hanya, kada ta faɗa tukunya a sayar da ita da kilo." Wata rana aka ɗaure mata farar sanda irin ta makafi a jikin kabad ɗinta. Ta kwance ta, ta jingina ta a kusurwa, ta sa rigar aikinta. Wannan mata ita ce ta kai wa Lyle abinci sati uku lokacin da matarsa ke kwance a asibiti.

A cikin wata na uku sandar ta toshe, kamar yadda ta faɗa. Ba a rana ɗaya ta yi ba, kaɗan-kaɗan ta riƙa nauyi, tana ba da lamba sama da gaskiya. Lyle yana ganin lambar sai ya tsiyaye ruwa ya zuba gishiri alhali tsami bai kai ba. Ya ce shi ma hannunsa ya gaya masa cukun bai yi ba, amma an ce kowa ya bi na'ura. Sai da aka buɗe ɗakin ajiya aka tarar da cukun kwana tara ya kumbura, ledar da aka naɗe shi da ita ta yi tim kamar za ta fashe, yana wari. Tirela biyu aka cika aka kai wa masu kiwon aladu.

Aka kira taro a ofishin manaja. Mutumin kamfanin na'ura ya zo ya duba, ya ce sandar ce ba a wanke ta yadda ya kamata ba. Manaja ya tambayi wane ne ke wanke ta.

"Madam Odegaard," in ji Corbin. "Mun ba ta aikin da ya fi kowanne sauƙi saboda matsalar idonta. Ina jin ko dattin ba ta gani."

Marlys ta miƙe tsaye.

"Na rubuta a shafi na tara. Na nemi ruwan wankin sau uku. Krista ce shaida."

Duk suka juyo gare ni. Corbin ma ya juyo, yana murza biro a hannu, fuskarsa babu komai.

Na ce, "Ni dai ban tuna ba. Wataƙila ta faɗa, amma babu shi a takardun saye."

Gaskiya ne babu shi, tunda an soke biyu, na ukun kuma ban rubuta ba. Manaja ya nemi shafukan goma sha huɗu, Corbin ya ce rubutun hannu ne, an tace abin da ke da amfani an zubar da sauran.

Ba su ce sun kore ta ba. Sun ce ta zaɓi ta ajiye aiki da kanta cikin mutunci, ko a rubuta mata sakaci a fayil. Ta sa hannu a ranar.

Ranar Juma'a aka yi mata walimar sallama a ɗakin cin abinci, da kofi da faranti na takarda. Lyle ne ya karɓi aikin sayo kek. Da aka buɗe kwalin sai ga shi an shafe shi da ruwan hoda mai ƙarfi, irin mai kashe ido, an rubuta a kai da farin sukari: YANZU KIN GANI? Wasu suka yi dariya, wasu suka dubi ƙasa. Manaja ya yi tari ya ce wasa ne irin na 'yan uwa.

Marlys ta tsaya ta karanta, a hankali, har ƙarshe. Ta ɗauki wuƙa ta yanka shi daidai wa daida, ta miƙa wa kowa rabonsa a hannu, har da Corbin, har da ni. Ita ba ta ci ba. Ta ɗauki jakarta da tsohon kofin shayinta ta fita, Arlo yana jiran ta a mota.

Sati biyu bayan tafiyarta aka sayo ruwan wankin, aka ƙara layi ɗaya a takardar bango, da sa hannun Corbin. Na'urar tana aiki lafiya har yau, kuma gaskiya ta fi idon kowannenmu daidaito. Ni ce ke zaune a gabanta.

Sai da bazara ta shigo, ƙanƙara ta narke, sannan na iya zuwa gidansu. Na gasa taliya da nama a kwanon tanda, na naɗe da tawul, na tuƙa zuwa gonarsu ranar Asabar da rana. Arlo na gyaran shinge, ya ɗaga mini kai kawai ya ci gaba da aikinsa.

Marlys ta buɗe ƙofa. An yi mata aikin, babu tabarau a fuskarta, idanun sun yi garau. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Krista. Kin yi furfura ashe. Shigo."

Ta zaunar da ni a kicin ta zuba mini kofi. Na ajiye kwanon a kan teburi. Na shirya magana tun a mota, amma da na buɗe baki sai ta fito a hargitse. Na gaya mata ni na faɗa wa Corbin maganar idon. Na gaya mata na tuna da ruwan wankin sarai. Har maganar kofunan da nake ce mata tukuna alhali sun juya, ita ma na faɗa, ina kuka kamar ƙaramar yarinya.

Ta bar ni na gama. Ta turo mini takardar goge hanci.

"Maganar ido na san ke ce, mutum biyu na gaya wa, Arlo kuma bai san hanyar ofishin ba. Ta taro kuwa ina wurin." Ta dube ni. "Ta kofunan ce ban sani ba. Wannan sabuwa ce."

"Tsoro na ji, Inna. An ce mutum ɗaya za a bari. Yarana..."

"Kada ki ce mini Inna." Ba ta ɗaga murya ba. "Kin san satin da aka kawo na'urar nan, yaron nan Corbin ya kira ni ofis? Ya ce mutum ɗaya za a bari, kuma ni ce, saboda shekaruna. Na ce masa a'a, ya bar Krista, tana da yara, ni in na gama saita musu na'ura zan tafi da bazara. Ya ce ya yarda. Na roƙe shi kada ya gaya miki tukuna, ina so in gaya miki da bakina ranar da aka gama."



"Ya sani?" na ce. "Lokacin da na shiga ofishinsa, ya riga ya sani aikin nawa ne?"

"Tun da daɗewa. Ina jin so ya yi ya ga iyakar abin da za ki iya yi. Ya kuwa gani, kuma da shi za ki ci gaba da zama."

Ta miƙe ta ɗauki kwanon, tawul ɗin ko kwance shi ba ta yi ba, ta ɗora mini a hannu. Har yanzu da ɗuminsa.

"Kai wa yara," ta ce. "Mu mun ci."

Ta raka ni har baranda. Ina sauka daga matakala ta ɗaga murya ta ce wa Arlo ya buɗe mini ƙofar shinge, ya kuma tabbatar ya rufe ta da kyau in na fita.